Kafin Ka Sayi Fili, Taka da Ƙafa Zuwa Makaranta: Yadda Magidanci Zai Zaɓi Matsugunin Iyali a Arewacin Kano

 

   

Batun da aka ɗora mini a wannan taro shi ne yadda magidanci zai zaɓi garin da zai mayar da iyalinsa. Kowa a nan ya san abin da ke faruwa. Haya ta yi tsada a cikin birnin Kano, gidajen gado sun cika har sun batse, ga ma'aikatan da ake yi wa sauyin wurin aiki, ga 'yan fansho masu son komawa kusa da gona. Duk waɗannan sun juyo da fuskarsu arewa: Ungogo, Dawakin Tofa, Minjibir, Tofa, Bichi, Bagwai, Dambatta, Makoɗa. Da yawansu tambaya ɗaya suke yi wa dillali: nawa ne fuloti? Ni kuwa abin da na zo in ce shi ne, wannan tambaya ita ce ya kamata ta zo ƙarshe. Ta farko ita ce: ƙaramin ɗana zai iya zuwa makaranta da ƙafarsa, ya dawo lafiya, rani da damina? Zan bi maganar daki-daki cikin batutuwa shida.

1. Mu fara sanin irin ƙasar da muke magana a kanta

Karkarar da ta kewaye birnin Kano ba irin sauran karkara ba ce. Duk wanda ya bi hanyar Katsina ta Dawanau zuwa Bichi da Tsanyawa, ko ya bi ta Daura zuwa Dambatta, zai lura da wani abu: ba ka rabuwa da gona, ba ka kuma rabuwa da gida. Kafin wannan ƙauye ya ɓace maka, ka hango rumbunan na gaba. Babu daji, babu saura. Gona tana manne da gona, an shata iyakarsu da gamba ko cini-da-zugu, ga gawo da ɗorawa da tsamiya da kuka tsaye a tsakiyar gero da dawa.

Wani Bature masanin labarin ƙasa, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya da kuma Jami'ar Bayero, ya shafe shekaru tun daga shekarun 1960 yana nazarin wannan yanki. Abin da ya ja hankalinsa shi ne yadda jama'a masu ɗimbin yawa suke noma ƙasa ɗaya shekara da shekaru ba hutu, amma ba ta mutu ba. Sirrin kuwa iyayenmu sun san shi tun kafin a rubuta: taki. Jakuna su shiga birni da itace, su fito da mangala cike da toka da shara zuwa gona. Abin lura a gare mu yau shi ne, an gina wannan yanki ne da awon ƙafar mutum da ta jaki. Kasuwa, masallacin Juma'a, rijiya, makarantar allo, maƙabarta, duk an ajiye su inda mutum zai je ya dawo kafin rana ta yi zafi.

Yanzu a birnin Faris na ƙasar Faransa ana ta yayata wani tsari na cewa duk abin da mutum yake buƙata ya same shi cikin tafiyar minti 15 daga gidansa. Wani farfesa mai suna Carlos Moreno ne ya fito da shi, magajiyar garin kuma ta yi yaƙin neman zaɓe da shi a 2020. To, jama'a, wane tsohon gari ne a ƙasar Kano da ba haka yake ba? Abin da wasu ke kashe dukiya su ƙirƙira, mu gadonsa muka yi. Abin takaicin shi ne mun fara watsar da shi, muna sayen fili a tsakiyar gonaki inda babu komai sai alkawarin dillali.

2. Nisa: a auna shi da ƙafar yaro

Dillali zai ce maka, "Alhaji, ai nan da titi minti biyar ne." Gaskiya ya faɗa, amma a kan babur. Kai kuwa ɗanka mai shekara shida ba babur gare shi ba. Yaro irin wannan yakan ci kusan minti 20 kafin ya gama kilomita guda, in bai tsaya jifan ƙadangare ba. Kilomita biyu ke nan minti 40 zuwa, minti 40 dawowa. In ka haɗa da Islamiyya da yamma, sau huɗu ke nan yake bin hanya a yini. Wane ƙarfi ya rage masa na karatu?

Saboda haka shawarata ta farko mai sauƙi ce. Kafin ka ba da ko da kafin alƙalami, ka kwana a garin ko ka yi sammako. Da ƙarfe bakwai na safe ka tsaya a kan filin da ake son sayar maka, ka duba agogo, ka taka zuwa makarantar firamare. In da hali, ka riƙe hannun ƙaramin ɗanka ku tafi tare. Ka buɗe ido a hanya. Shin sai an tsallaka babban titi? Hanyar Katsina da ta Daura manyan motoci ne ke binsu dare da rana, kuma wanda ya san Dawanau ya san yadda tireloli ke jerin gwano da lodin hatsi da riɗi. Makarantar da ke tsallaken irin wannan titi, ko da kana hango tutarta daga ƙofar gida, tana da nisa. Akwai kududdufi a gefen hanya? Akwai ramin da aka haƙi ƙasar gini? Akwai mutane a hanyar, masu shago da tsofaffi a gindin bishiya da za su san ɗan wane ne wannan, ko kuwa shiru ne?

Sannan kada ka yanke hukunci da rani. Yawancin cinikin fili da rani ake yinsa, lokacin da ko'ina fetal yake, ka hango gari tun daga nesa. Ka dawo cikin watan Agusta. Wannan 'yar hanyar da ka bi cikin iska, yanzu dawa ta fi ka tsawo hagu da dama, raɓa ta jiƙe yaro har ƙugu kafin ya isa aji, kwazazzabon da ka tsallake da taku ɗaya ya cika da ruwa yana gudu. Gani ya kori ji. A ƙasar Japan, duk da arzikinsu da motocinsu, 'yan firamare da ƙafa suke zuwa makaranta rukuni-rukuni, manya na jan ƙanana. Ba talauci ne ya sa su ba, sun tsara ne makaranta ta kasance kusa da gida.

Bari mu yi ɗan lissafi, don wani zai ce ai sai in riƙa ba su kuɗin mota. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kowa ya san yadda kuɗin abin hawa ya koma. Mu ɗauka, a matsayin misali kawai, kowane yaro naira 500 zai kashe zuwa da dawowa. 'Ya'ya huɗu, naira 2,000 ke nan a rana, 10,000 a mako. Zango uku na karatu, kowanne kusan mako 13, ya kama naira 390,000 a shekara. Shekara shida ta firamare ta haura naira miliyan biyu. To, ina arahar filin? Kuma mun san abin da ke biyo baya: ranar da babu kuɗin, sai a ce yau ku zauna a gida. Daga fashin kwana ɗaya sai na mako, daga nan sai a nemi yaro a aji a rasa. Araha ba ta ado.

3. Yadda ake gane makaranta ta ƙwarai

Mu da ke arewacin Kano muna da abin alfahari. Makarantar kimiyya ta Dawakin Tofa tana ɗaya daga cikin biyun farko da gwamnatin jiha ta buɗe a 1977, tare da ta Dawakin Kudu, kuma likitoci da injiniyoyin da suka fito daga cikinsu sun cika ƙasar nan. Akwai Kwalejin Ilimi ta Tarayya mai koyar da fasaha a Bichi. Akwai Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako a Dambatta. Amma a kula: zama kusa da makaranta mai suna ba ya shigar da yaro cikinta. Makarantar kimiyya da jarrabawa ake shiga, kuma wanda ya ci jarrabawar shi ne wanda firamarensa ta yi kyau. Don haka makarantar da za ka bincika ita ce 'yar firamaren nan ta bayan gari, ba mai babban suna ba.

Yaya za ka bincika? Kada fenti ya ruɗe ka. Ka je ba tare da sanarwa ba, ranar Talata ko Laraba, wajen ƙarfe goma sha ɗaya, bayan an dawo daga tara. Ka yi sallama da hedimasta cikin ladabi, ka ce kai baƙo ne mai niyyar tarewa. Ka leƙa azuzuwa: nawa ne ke da malami a tsaye gaban allo, nawa ne aka bar wa monita da bulala? Tsarin ilimi na ƙasa ya ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare. Ka ƙirga da idonka ka ga tazarar da ke tsakanin takarda da zahiri. Ka roƙi a nuna maka littafin rubutun wani ɗan aji huɗu. Ka buɗe shafukan ƙarshe: yaushe rabon da jan biro ya taɓa shi? Ka rubuta jimla ɗaya ta Hausa a takarda, ka miƙa wa yara biyu ko uku su karanta. Minti biyar ɗin nan zai gaya maka abin da taron yaye ɗalibai ba zai gaya maka ba.

Ka tambayi inda malaman suke kwana. Wannan tambaya tana da nauyi. Malamin da yake zaune a garin, kuna haɗuwa a masallaci, yana jin kunyar fashi. Wanda kuwa kullum sai ya taso daga birni, rabin albashinsa na tafiya a mota, ko yana da niyya mai kyau wata rana aljihu zai hana shi. Ka tambaya ko kwamitin al'umma mai kula da makarantar yana zama, ko kuwa suna ne kawai a takarda. Ka duba ban-ɗaki da ruwan sha.

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara tara na farko kyauta ne kuma tilas. Gwamnatin Kano ta sake jaddada haka a 2019, sannan a 2024 ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi. Ayyana dokar ta-ɓaci kanta shaida ce cewa akwai gyara. Doka ɗaya ce a duk faɗin ƙananan hukumomi 44, amma makarantu biyu da ke tazarar kilomita uku sai ka ga bambancinsu ya kai na sama da ƙasa, kuma galibi hedimasta da iyayen gari ne suka kawo bambancin. Makarantar kuɗi ma da wannan ma'aunin za ka auna ta. Kyan yunifom ba ya koya wa yaro karatu.

Haka nan makarantar allo da Islamiyya. Ka san malamin, ka ji abin da mutanen gari ke faɗa a kansa, ka ga ko yaro zai iya dawowa gida kafin magariba.

4. 'Ya mace ita ce ma'auni na gaskiya

Iyaye mata, wannan batu naku ne, kuma na san kun riga ni saninsa. Firamare kusan kowane babban ƙauye akwai. Inda gizo ke saƙar shi ne sakandare. Yarinya ta gama aji shida tana da shekara 12, sai a ce ƙaramar sakandaren 'yan mata tana wani gari mai tazarar kilomita biyar ko shida. Namiji a saya masa keke. Ita fa? Uba ya dubi hanyar, ya dubi 'yarsa da ta fara girma, ya ce a'a. Kuma wa zai ga laifinsa? Ba ƙin boko ne ya tsayar da karatun yarinyar nan ba, hanya ce. An yanke wannan hukunci tun ranar da aka sayi fili, tana goye a bayan uwarta.

Don haka mai 'ya'ya mata ya yi tambaya tun yau: ina sakandaren jeka-ka-dawo ta 'yan mata mafi kusa? Tana da babban sashe har aji shida, ko a aji uku take tsayawa? Akwai malamai mata? An kewaye ta? 'Yan matan unguwar suna tafiya tare? Kano na cikin jihohin farko da suka shiga shirin AGILE na Bankin Duniya mai tallafa wa karatun 'yan mata, kuma an yi gyare-gyare a makarantu da dama ta wannan hanya, sai ka tambaya ko ta garin ta samu. Ka kuma tambayi ɗalibai nawa suka tsallake jarrabawar kwalifayin bara. Garin da 'yarka za ta iya gama sakandare tana kwana a ɗakin uwarta, wannan gari ya ci jarrabawa.

Ina roƙon magidanta, Allah ya ba ku haƙuri, ku tafi da uwargida ta ga wurin kafin a biya. Kai da safe za ka fice, sai dare. Ita ce za ta yini a can. Ita ta san nisan injin niƙa, da inda za ta je awo, da gidan da za ta miƙa yaro in ta shiga uzuri.

5. Ruwa, asibiti, kasuwa da hanyar neman abinci

A nan zan taƙaita, don abubuwa ne da kowa ya sani. Ka tambayi zurfin rijiya a unguwar, ka tambayi ko tana ƙafewa a watan Afrilu, ka tambayi kuɗin jarka a wajen 'yan garuwa. Yaron da zai yi sammakon ɗiban ruwa kullum shi ne mai makara a makaranta. Yankinmu na da madatsun ruwa, Watari a Bagwai, Tomas a wajen Dambatta, Wasai a Minjibir, kuma albarka ce ga mai noman rani. Sai dai wanda zai zauna kusa da kogin Jakara ya sani cewa ruwan kwatamin birni da na masana'antu yake kwasowa, kada ya bar yara su yi wanka a ciki.

Asibiti kuwa, tambayar ita ce ta ƙarfe biyun dare: in naƙuda ta tashi, ina za a nufa, da wane abin hawa, kuma za a tarar da ma'aikaci? Bichi da Dambatta suna da manyan asibitoci, amma ƙauyen da ke bayan rafi da damina lissafinsa daban ne.

In sana'arka a birni take, a kasuwar Kwari ko ta Singa ko sakatariya, ka gwada zuwa da dawowa a motar haya ranar aiki, ka ga abin da zai ci na kuɗi da lokaci. Uban da yake fita yara na barci, ya dawo sun yi barci, ya rage wani abu daga tarbiyyarsu ko da makarantar ta fi kowacce kyau. Garuruwan da ke kusa da iyakar jiha kuma a tambayi dagaci da mutanen gari halin tsaro, a ji daga bakinsu.

6. Takarda da maƙwabta

Filaye iri biyu ne a bakin mutane: awon gwamnati da awon igiya. Awon igiya shi ne mai gona ya yanka gonarsa hamsin-hamsin ya sayar. Ba haramun ba ne, kuma shi talaka ke iya saya. Matsalarsa ita ce mai yankawa ba ya son asarar ko taku ɗaya, don haka ba a barin filin makaranta, ba a barin na asibiti, lungu kuwa ko motar ɗaukar mara lafiya ba ta shiga. Wata Baturiya mai bincike, Polly Hill, ta yi nazarin Ɗorayi a farkon shekarun 1970, lokacin manoma ne zalla a gidaje warwatse cikin gonaki. Ku je ku ga Ɗorayi yau, gonakin sun zama unguwa. Abin da ya faru can shi ke tafe zuwa Ungogo da Dawakin Tofa, ga kuma layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar da aikinsa a 2021, wanda zai bi ta Dambatta. Gonar da kake gani yau unguwa ce gobe. In ba a ware filin makaranta yanzu ba, yaushe za a ware?

A nan nake miƙa kokon bara ga iyayenmu masu sarauta da shugabannin ƙananan hukumomi. Allah ya ja zamaninku, duk gonar da za a yanka, a sa sharaɗin hanya mai faɗi da filin makaranta kafin a sa hannu. Ku ne kuke da bakin da za a ji.

Mai saye kuma ya kiyaye. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon bayar da shaidar mallaka a filayen karkara, na cikin birni kuma yana hannun gwamna. Ka tabbatar wane ne ke da iko da inda kake saye. In gonar gado ce, ka tabbata an raba, duk magada sun yarda, har da mata. A yi ciniki gaban mai unguwa da shaidu, a rubuta. Kada ka sayi burtali ko hanyar ruwa, komai arahar su.

Sannan maƙwabta. Larabawa na cewa a nemi maƙwabci kafin gida, mu kuma muka ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Ka yi sallar magariba a masallacin unguwar, ka zauna ka ga inda samari ke taruwa da abin da suke yi. Su ne abokan ɗanka nan da shekara biyar. In ka tare, ka zama ɗan gari: ka kai gaisuwa wajen mai unguwa, ka je jana'iza da suna, ka hana 'ya'yanka ratsa shukar mutane, ka ɗaure akuyarka da damina. Manomin da ka tarar ya riga ka zuwa da ɗaruruwan shekaru.

Kammalawa

Jama'a, hukuncina shi ne: rabin fuloti a cikin tsohon gari ko a gefensa, inda makaranta da masallaci da ruwa suke kusa, ya fi fuloti biyu a tsakiyar gonaki inda ake ce maka gari na nan tafe. Gari zai zo, amma kafin ya iso yaronka ya wuce shekarun koyon karatu. Wanda bai tabbata ba ya kama haya ta shekara guda a garin, ya ga raninsa da daminarsa, sannan ya sa tubali. Wanda kuma ya riga ya gina a nesa, ya haɗa kai da maƙwabtansa, su nemi fili, su je ƙaramar hukuma da hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha su nemi a buɗe musu ko da aji biyu ne.

 Allah ya ba mu matsuguni mai albarka, ya shirya mana zuriya.